Zazzafar gambarar Amurka da rayuwar geto: tambayoyi da amsoshi

Masu sauraron gambarar zamani sukan ji ana cewa wane mawaƙin hardcore ne, wane kuma na rawa ne kawai. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan wannan salo, tun daga unguwannin da suka haife shi har zuwa yadda ake haɗa kiɗansa a situdiyo.

Me ake nufi da hardcore hip-hop?

Reshe ne na gambara da ke da kaushin kiɗa, da zafin murya, da maganar da ba a sa mata zuma ba. Gangarsa a bushe take, tana dukan ƙirji. Amshinsa kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Mawaƙin yana magana ne kamar wanda ya tsare ka a lungu yana so sai ka ji shi. Abin da yake waƙewa yawanci talauci ne, da cinikin ƙwaya, da artabu da 'yan sanda, da gidan yari, da mutuwar abokai, sai kirarin kai da zambo ga abokan hamayya.

Mutane da yawa suna zaton ashar ce ke sa waƙa ta zama hardcore. Ba haka ba ne. Akwai waƙoƙin rawa cike da batsa waɗanda ba su kusa da wannan salo ba, akwai kuma na Run-DMC na farkon shekarun 1980 da kusan babu zagi a ciki, amma su ake ɗauka a matsayin tushensa.

Daga ina ya faro?

Gambarar kanta ta tsiro ne a unguwar Bronx ta birnin New York. Ranar da aka fi kafa hujja da ita ita ce 11 ga Agusta, 1973, lokacin da DJ Kool Herc ya yi kiɗa a wani ɗakin taro na gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick. Shekaru kusan goma na farko, abin na shagali ne da rawa. A 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash ta fitar da waƙar da ta fara bayyana ƙuncin geto, wato unguwannin talakawa, dalla-dalla har duniya ta saurara. A 1983 Run-DMC na unguwar Hollis ta New York suka zo da sauti tsirara: na'urar ganga da murya kawai, suka kuma watsar da tufafin ƙyalƙyali suka hau dandamali da kayan da samarin unguwa ke sawa.

Daga nan abin ya bazu. Schoolly D a Philadelphia a 1985, Ice-T a Los Angeles a 1986, Boogie Down Productions a Bronx a 1987, sai N.W.A daga Compton da Public Enemy daga Long Island a 1988. Ganiyar salon a New York ta zo tsakanin 1993 da 1995, lokacin da Wu-Tang Clan, da Onyx, da Nas, da Notorious B.I.G., da Mobb Deep suka fitar da kundayen da har yau ake gwada sauran da su.

Shi da gangsta rap abu ɗaya ne?

Sun haɗu a wurare da dama, amma ba ɗaya ba ne. Gangsta rap ana gane shi da abin da yake faɗa, wato rayuwar ɗan daba daga bakin ɗan daban. Hardcore ana gane shi da yadda yake faɗa. Public Enemy hardcore ne tsantsa, amma siyasar baƙar fata suka sa gaba. Shi kuwa Snoop Dogg na 1993 zancen daba yake yi, sai dai da murya mai laushi a kan kiɗa mai santsi.

Me ya sa ƙwaya, bindiga da kurkuku suka cika waƙoƙin?

Domin su suka cika unguwannin a lokacin. Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, don wanda bai san tarihin ba zai ɗauka mawaƙan sha'awar ɓarna kawai suke yi.

Tun daga ƙarshen shekarun 1940 aka ratsa Bronx da babbar hanyar mota wadda ta tashi dubban iyalai. Masana'antu suka yi ta rufewa, masu hali suka koma bayan gari. A shekarun 1970 gobara ta cinye gidaje birjik a kudancin Bronx, wasu ma masu gidajen ne ake zargi da cinna wutar don karɓar kuɗin inshora. A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa, aka zaftare kuɗin makarantu da na ma'aikata. A can Los Angeles ma masana'antun taya da na motoci da ke ɗaukar baƙaƙen fata aiki sun rufe, ƙungiyoyin daba na Crips da Bloods suka yi ƙarfi.

Ana cikin haka, a tsakiyar shekarun 1980, sai ga crack. Hodar iblis ce ake dafawa da bakin soda da ruwa har ta daskare ta zama kamar tsakuwa, a fasa ta ƙanana a sayar da araha. Hodar asali ta masu kuɗi ce, wannan kuwa talaka ma yana iya saye, kuma mayenta na wucewa cikin mintoci, mai sha ya dawo neman wata. Yaro ɗan shekara sha biyar sai ya ga yana samun abin da ubansa ba ya samu, kuma kowane lungun da ake cinikin sai an kare shi da bindiga. A 1990 kisan kai a birnin New York ya haura 2,200 cikin shekara ɗaya.

Martanin gwamnati shi ne ɗauri. Dokar tarayya ta 1986 ta tanadi cewa giram 5 na crack yana jawo ɗaurin shekara biyar dole, daidai da giram 500 na hodar asali. Wato ninki ɗari. Tun da baƙaƙen fata aka fi kamawa da crack, su suka cika gidajen yari. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa ninki 18. A 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna lakaɗa wa Rodney King duka, a Afrilun 1992 kotu ta wanke su, gari ya kama da wuta. Abin da N.W.A suka yi ta faɗa kan zaluncin 'yan sanda shekaru uku kafin nan, wanda aka ce ƙari suke yi, ya fito a talabijin kowa ya gani.

Idan ka ji sunan Queensbridge yana yawo a waƙoƙin Nas da Mobb Deep, rukunin gidajen gwamnati ne da aka buɗe a 1939, benaye 96, gidaje sama da 3,000, mafi girma a irinsa a Amurka.

Abin da suke faɗa gaskiya ne, ko ƙirƙira?

Gauraye ne. Eazy-E na N.W.A ya yi cinikin ƙwaya kafin ya kafa kamfanin Ruthless. Notorious B.I.G. ya yi, har ya kwana a kaso. Amma Ice Cube, wanda ya rubuta da yawa daga baitocin N.W.A, ya je Phoenix ya karanci zanen gine-gine. Havoc da Prodigy na Mobb Deep a makarantar koyon zane ta Manhattan suka haɗu, kuma ciwon da Prodigy ya fi fama da shi har ya rasu a 2017 shi ne sikila.

Kalmar "ni" a bakin mawaƙin sau da yawa ta haɗa shi da wansa, da maƙwabcinsa, da abokin da aka harbe. Wanda ya san kirarin 'yan tauri ko na 'yan dambe ya san ba kowace kalma ake auna ta da mudun shaida ba. Abin da masana salon ke dubawa shi ne ko bayanin ya zauna daidai: farashin kaya, warin matattakalar bene, yadda uwa ke jiran waya daga gidan yari. Mawaƙan da suka daɗe ana jin su su ne waɗanda suka faɗi tsoro da nadama tare da bugun ƙirji. Shahararriyar waƙar Geto Boys na Houston ta 1991 kacokan kan firgici ce da rashin barci na mai cinikin ƙwaya.

Yaya ake haɗa kiɗan, mataki-mataki?

Salon New York, wanda ake kira boom bap saboda ƙarar gangunansa biyu, haka ake gina shi.

Fara da sauri. Sa na'urarka tsakanin bugu 85 zuwa 95 a minti. Ƙasa da 80 kiɗan zai yi nawa, sama da 100 zai koma na rawa. Kowane layi bugu huɗu ne. Ganga mai zurfin amo, wadda ake kira kik, tana faɗawa a bugu na ɗaya, da kuma wani wuri kafin ko bayan na uku. Mai tsawa, wato siniya, tana zama a bugu na biyu da na huɗu, kuma ba a cika taɓa ta daga nan ba. Ƙarfen da ke cas-cas a sama yana bugawa sau takwas a layi.

Gangunan ba daga na'ura ake ɗauko su ba, daga tsofaffin faya-fayen garmaho ake yanko su, inda sauran makaɗa suka yi shiru aka bar mai ganga shi kaɗai. Bugun da Clyde Stubblefield ya yi wa James Brown a wani faifai na 1970 yana cikin waɗanda aka fi ɗiba a tarihi. Furodusa zai yanke kik ɗin daban, siniyar daban, ya ɗora kowanne a kan maɓalli, ya sake bugawa da yatsunsa.

Sai samful, wato guntun kiɗa na layi biyu ko huɗu daga faifan jazz ko soul: fiyano, ko ƙaho, ko goge. Ana rage masa sauri don ya yi duhu. A kwafe shi gida biyu, a toshe duk siraran sautukan kwafi ɗaya har ya rage duma kaɗai, wannan ya zama bes. Ɗayan a bar shi a buɗe a riƙa shigo da shi wajen amshi.

Inda abin ke lalacewa wurare uku ne. Na farko, idan aka bar kwamfuta ta jera kowane bugu a kan layi cif, kiɗan zai fito a sandare. Maganinsa a sa jinkirin da ake kira suwin tsakanin kashi 54 zuwa 62, ko a buga da hannu a bar ƙananan kurakuran. Na biyu, kik da bes sukan yi karo a ƙasa, tsakanin haz 50 zuwa 100 (haz ma'aunin kauri da sirantakar sauti ne), sai lasifika ta riƙa gurnani ba tare da duka ba. A zaɓi wanda zai mallaki wurin, a rage wa ɗayan. Na uku shi ne samful da bes su saɓa murya: idan ka sauya saurin samful, muryarsa ma ta sauya, don haka kowane sautin da za ka ƙara sai ka daidaita shi da sabuwar muryar.

Yammacin Amurka ya bi wata hanya. Daga 1992 Dr. Dre ya riƙa sa makaɗa su sake buga tsofaffin kiɗan funk da hannu, da wani siririn sauti mai kuka a sama. Kudu kuwa, Memphis da Atlanta da Houston, suka rungumi dumar na'urar ganga ta Roland TR-808, wadda daga baya ta haifi salon trap.

Me ya sa tsofaffin waƙoƙin ke da sauti kamar mai ƙura?

Ƙarancin na'ura ne ya zama ado. E-mu SP-1200, na'urar ɗaukar samful wadda ta fito a 1987, daƙiƙa goma kacal take iya ɗauka, kuma a rarrabe gida huɗu, kowanne daƙiƙa biyu da rabi. Don su ci riba, furodusoshi irin su Pete Rock sukan juya faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 a minti a kan 45, su ɗauka da sauri, sannan su mayar da shi ƙasa a cikin na'urar. Daƙiƙa biyu da rabi sai ta ɗauki abin da ya kai uku da ɗoriya. Wannan ja da saki, tare da cewa na'urar bit 12 ce, wato ba ta ɗaukar sauti da cikakken tsabta, shi ke haifar da ƙaiƙayin da ake ji. Akai MPC60 ta 1988, mai maɓallai 16, ita ma bit 12 ce.

Mai aiki da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ko makamanciyarta a yau zai iya kusantar wannan ta hanyar rage samful zuwa bit 12 da yanke abin da ya haura haz 12,000. A yi wa ganguna da samful kaɗai. Idan aka yi wa murya, kalmomi za su dushe.

Yaya ake rubuta baiti?

Baiti na al'ada layi 16 ne. A saurin bugu 90, layi ɗaya yana cin daƙiƙa biyu da kashi biyu cikin uku, baitin duka kusan daƙiƙa 43. Amshi layi 8 ne ko 4. Layi yana da gurabe 16, amma kada ka cika su duka. Gaɓa 10 zuwa 13 ta isa, sauran na numfashi ne. Yi alama a takarda inda za ka shaƙi iska, aƙalla sau ɗaya duk layi biyu. Sabon shiga yakan rubuta baiti mai kyau a ido, ya zo gaban makirfo numfashi ya ƙare masa a layi na shida.

Amsa-amo yakan sauka a kan siniya ta biyu, wato bugu na huɗu. Tun bayan Rakim da Kool G Rap a ƙarshen shekarun 1980, amsa-amon gaɓa ɗaya a ƙarshen layi ya daina burge kowa. Ana son gaɓa biyu ko uku su amsa, a kuma dasa wasu a tsakiyar layi.

Ta fuskar ma'ana, baiti ɗaya ya riƙe wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Cewa rayuwa da wuya ba ta kama zuciyar kowa. Faɗi ƙarfe nawa ne, wa ke tsaye a bakin ƙofa, nawa ya rage a aljihu.

Me ke ɓata ɗaukar murya?

Ihu. Mawaƙin yana ɗaga murya, sautin ya bugi rufin na'ura ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. A saita yadda mafi ƙarfin ihun zai tsaya tsakanin 12 zuwa 6 ƙasa da sifili a ma'aunin desibel. A tsaya tazarar santimita 15 zuwa 20 daga makirfo, da tacin iska a tsakani. Ɗaki mai bangon siminti tsirara yana mayar da amo, don haka a rataya barguna masu kauri a bayan mawaƙin da gefensa. A wajen tacewa a yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80, a ɗan rage tsakanin 200 zuwa 400 idan muryar ta yi laka. Ninka murya kuma a ƙarshen layuka kaɗai ake yi. Wanda ya ninka baiti duka ba tare da ya dace da na farko cif ba, kalmominsa za su cakuɗe.

Halal ne a doka a yanki kiɗan wani?

Sai da izini. A Disambar 1991 wata kotun New York ta yanke hukunci kan Biz Markie saboda ya ɗauki guntun waƙar Gilbert O'Sullivan ba tare da yardarsa ba, aka janye kundin daga kasuwa. Daga ranar salon tara samful goma sha a waƙa ɗaya ya fara mutuwa, don kuɗinsa ba ya biyuwa. Izini biyu ake nema: na mai faifan da aka naɗa, yawanci kamfani, da na mai haƙƙin rubutun waƙar. Zancen da ke yawo cewa daƙiƙa kaɗan ba laifi ba ne, babu shi a doka. Sake buga kiɗan da hannunka yana kawar da izini na farko, na biyun yana nan.

Hukuma ta taɓa sa baki?

Sau da yawa. A 1989 wani mataimakin darakta a hukumar FBI ya aika wa kamfanin da ke rarraba faifan N.W.A wasiƙar ƙorafi kan waƙarsu game da 'yan sanda. A 1990 aka daidaita tambarin gargaɗin iyaye, baƙi da fari, da ake liƙawa a kundaye. A shekarar ce wani alƙali a Florida ya ayyana kundin 2 Live Crew a matsayin batsa, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1992.

Abin da ya fi tsanani a yanzu shi ne karanta baitoci a kotu a matsayin shaida. An yi haka a shari'ar Young Thug a Atlanta, wadda aka faro da tuhuma a 2022. A 2022 ɗin ne kuma jihar California ta kafa dokar da ta tilasta wa alƙali ya auna sosai kafin ya karɓi waƙa a matsayin hujja. Mawaƙin da ya ambaci ainihin suna, da rana, da wurin da aka yi wani laifi, ya miƙa wa mai gabatar da ƙara makami da hannunsa.

Mene ne rikicin Gabas da Yamma?

Gaba ce tsakanin kamfanin Bad Boy na New York da Death Row na Los Angeles, wadda ta fito fili a 1995, mujallu da gidajen rediyo suka yi ta hura ta. An harbi Tupac Shakur na Death Row a Las Vegas ranar 7 ga Satumba, 1996, ya cika bayan kwana shida yana da shekara 25. An kashe Notorious B.I.G. na Bad Boy a Los Angeles ranar 9 ga Maris, 1997, yana da 24. Sai a Satumbar 2023 aka kama wani kan kisan Tupac.

Shin ba ya lalata tarbiyya?

Sukar tana da tushe, kuma daga cikin gida ta fara. C. Delores Tucker, 'yar gwagwarmayar haƙƙin baƙar fata, da Rabaran Calvin Butts na Harlem sun yaƙi waɗannan waƙoƙi tun 1993, musamman kan cin mutuncin mata. A wannan babu abin karewa: baitoci da yawa na manyan mawaƙan sun wulaƙanta mata, kuma talauci ba uzuri ba ne. Haka nan da kamfanoni suka gane cewa jini yana sayuwa, sun fi zuba kuɗi kan mai kirarin kisa fiye da mai bayyana ciwonsa. A salon drill na Chicago, daga wajajen 2012, zambon da ake yi wa matattun abokan gaba a waƙa ya sha jawo ramuwa ta gaske.

Amma daga cikin salon ne kuma aka samu masu tsawatarwa. Bayan an harbe Scott La Rock a 1987, abokin waƙarsa KRS-One ya tara mawaƙa suka kafa gangamin dakatar da zubar da jini, suka ba da kuɗin waƙarsu ta 1989 ga ƙungiyar National Urban League. Ga iyaye, tambarin gargaɗin nan da harafin E da ke gefen waƙa a Spotify da Apple Music alama ce da ya kamata a ɗauka da gaske, kuma duka manhajojin suna da wurin toshe irin waɗannan waƙoƙi.

Mai son yin wannan salo da Hausa, me zai kula da shi?

Abu na farko, kada ya aro bindigar Compton ya rataya a lungun da ba ta. Zaman kashe wando, da shaye-shayen maganin tari, da bangar siyasa, da kuɗin haya, sun ishe shi abin faɗa, kuma ya fi kowa sanin su.

Na biyu harshen ne. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma mai nauyi gurbi biyu take ci a layi. Wanda ya matse dogon wasali don ya shiga kiɗa zai mayar da garin tuwo ya zama garin da ake zama. Karin sauti ma haka: wuyan jiki da wuyar sha'ani, kukan yaro da kukar miya, da hawa da saukar murya ake rarrabe su, don haka salon da ke daddanna kowace kalma a murya ɗaya yana iya juya ma'ana. Karanta baitin da baki kamar magana tukuna, sannan ka ɗora shi a kiɗa ka ji ko ya sauya.

Tun da kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, amsa-amon gaɓa ɗaya ba ya da tsada, kuma rayuwa da damuwa sun gaji da haɗuwa. Nemi wanda jimla guda ke amsa jimla guda, kamar kwana a kango da rana a zango. A gaban makirfo kuma, ƙ da ts suna fita da kaifi, f tana busa iska, don haka a ɗan karkatar da makirfon gefe kaɗan daga saitin baki, a kuma rage tsakanin haz 5,000 zuwa 8,000 idan s da sh suna yanka kunne.